Kunnen Sitti na Hagu

Tandabawi, Makka
Farkon watan Rajab

Zuwa ga Yayata Aishat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Yaya mutanen Bichi? Mu nan lafiya lau. Baba yana ta fama da karatunsa a jami'a, Umma kuma tana gaishe ki.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Umma. Shi ya sa na rubuto da hannu zan ba wata Hajiya mai komawa gida daga Umara, don waya a gidan nan ta Baba ce, kuma komai yana gani. Na yi wa tsohuwa ƙarya, ƙaryar kuma ta ƙi tsayawa inda na ajiye ta.

Kin tuna Sitti, mai gidan da muke haya? Haka jikokinta ke kiranta, mu ma muka ɗauka. Tana ƙasa, muna sama. Tun tana yarinya aka zo da ita Makka, nan ta yi aure, nan ta tsufa. Bara da ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai Larabcin ya gudu mata, Hausa ta dawo, irin ta mutanen da. Kunnenta na dama ya mutu, na hagun ne da sauran ji. Idan aka ɗaga murya sai ta ce ƙara kawai take ji. Amma muryar nan tawa, wadda malamarmu ta aji shida ke cewa ko sauro ya fi ta, ita ce ke shiga. Sai in sa bakina daf da kunnen in yi magana a hankali. Babu mai jin abin da nake faɗa sai ita.

Jikarta Anti Wafa tana zuwa duk Juma'a daga Jidda. Ɗiyar ɗanta ce marigayi, can ta girma wajen uwarta, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode da ina kwana ba, ina kwanan ma har da yamma take yin sa. Injiniya ce a wata jami'a. Ni nake zama tsakaninsu da ɗan Larabcin da na tsinta a shekarun nan.

Wata Juma'a ta zo da zumuɗi, ta ce tana son Sitti ta san aikin da take yi. Ta jawo butar shayi da wayarta ta jera a kan faranti. Ta ce a ɗauka farantin jirgin ruwa ne. Butar ita ce inji mai shan mai, wayar kuma inji ne mai aiki da batir, irin na kekunan nan da tsofaffi ke hawa su yi ɗawafi a saman bene. Idan jirgi yana tafiya a hankali, sai a bar na batir ya ja, babu ƙara, babu hayaƙi, mai bai ƙare ba. Idan ana son gudu sai su haɗu su biyun. Batir ɗin ne kuma zai ba da wutar fitilu da sauran na'urori. Ta ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa jami'arsu ta haɗa kai da wata jami'a a ƙasar waje da wani kamfani mai ƙera injuna. Akwai hukumar da ke ba da tallafin bincike, amma sai ga waɗanda suka haɗa gwiwa irin haka, masu nema kuma suna da yawa. In ba a ba su ba, kowa zai kama gabansa.

Duk wannan na faɗa daidai, wallahi, ko da na sha wuya. Da na zo wurin da ta ce idan inji ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa ɗayan zai ci gaba, sai Sitti ta damƙe min wuyan hannu.

Dole in koma baya ki gane. Sitti ta ba ni wani labari da Anti Wafa ba ta sani ba, don sai bayan ciwon ta fara ba da shi, kuma da Hausa. Da ƙafa da mota suka bi ta Chadi da Sudan har Sawakin, suka shiga wani ƙaramin jirgi za su tsallaka Bahar Maliya. A tsakiyar ruwa injin ya mutu. Ruwan sha ya ƙare. Wani jirgin sojoji ruwan toka ya zo ya zagaya su, mutanen ciki suka tsaya suna kallo, ya juya ya tafi. Har yau ba ta san na wace ƙasa ba ne. Kafin masunta su jawo su, ƙanenta Awwalu ya rasu a cinyarta, a ruwa aka sa shi. Tun daga nan ko a talabijin aka nuno soja sai ta kau da kai.

To, tana riƙe da hannuna ta ce in tambaya, jirgin su waye. Anti Wafa ta ce na bahriyya. Na san kalmar, Yaya, sojojin ruwa ke nan. Na dubi fuskar Sitti, ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba. Na dubi Anti Wafa, tana murmushi tana jira. Na sunkuya na ce, na alhazai ne, Sitti.

Ta yi kuka. Ta ɗora hannunta mai lafiya a kan Anti Wafa ta yi ta sa mata albarka har muryarta ta dishe. Anti Wafa ma ta yi kuka, ta ce tunda ta fara karatu Sitti ba ta taɓa sa wa aikinta albarka ba, kullum sai dai ta ce mace da ƙarfe. Ni ina zaune a tsakiya kamar an zuba min ruwan sanyi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Washegari Sitti ta yi bakance, ta ɗaukar wa Allah alkawarin azumin kowace Litinin da Alhamis har sai tallafin ya fito. Tana da ciwon sukari, Yaya. Ko na Ramadan likita ya hana ta tun da daɗewa, ciyarwa ake yi mata. Umma ta yi magana, Baba ya yi, ta ce ai wannan na Awwalu ne.

Ki gaya min yadda zan yi. Ki ba duk mai tahowa amsa, kar ki bugo wa Baba. Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shifa

Tandabawi, Makka
Watan Sha'aban

Zuwa ga Yayata Aishat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata jiki da sauƙi, yara kuma suna lafiya. Saƙonki ya iso, da kukar da daddawar. Umma ta ji daɗi, ta yi mana miya har ta sauko wa Sitti da ita. Takardar kuwa na ciro ta daga ƙasan ledar kafin kowa ya gani.

Kin ce in faɗa wa Sitti tun wuri. Na yi ƙoƙari. Na shiga da safe, na durƙusa, bakina har ya taɓa ɗankwalinta. Ta ce, ya aka yi ne, 'yar bakina? Haka take kirana yanzu. Sai na ji kaina ina cewa ruwan wanka ya yi zafi.

Kuma na ƙara wata. Juma'ar da ta biyo baya Sitti ta ce in gaya wa Anti Wafa tana roƙon abu ɗaya, idan an gama jirgin farko a sa masa suna Awwalu. Yaya zan juya wannan? Idan na faɗa, za ta tambaya wane ne Awwalu, daga nan komai ya fito. Sai na ce mata Sitti ta ce tana yi miki addu'a. Ta ce amin. Na koma kunnen na ce ta amsa. Kin ga yanzu ta gefe biyu nake yi.

Ranar Anti Wafa ta zo a gajiye, idanunta sun faɗa. Ta zauna a matakala ta ba ni labari kamar ni wata babba ce. Kamfanin da suke tare ya so ya janye, wai ana jayayya a kan wa zai mallaki abin idan ya yi kyau. Mutanen ɗaya jami'ar kuma suna son a gwada batir ɗinsu, nata mutanen suna son wani daban. Ta ce haɗa inji biyu su yi tafiya tare ya fi mata sauƙi a kan haɗa mutanen nan. Ga kwamitin hukumar ya kira su su je su tsaya a gabansa su kare aikin. Sai ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar farfela ta roba, ba ta kai tafin hannuna ba, irin wadda suke gwadawa a wani dogon kwamin ruwa a jami'arsu. Ta sa min a hannu ta ce, inti lisani, wato ni ce harshenta. Na kai ta can ƙasan akwati na danne da kaya, ba na son ganinta.

Maganar kuma ta fita unguwa. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai Sitti ta gaya mata jikarta tana ƙera wa alhazai jirgin da ba ya mutuwa a ruwa. Mai kayan miyan bakin layi har tana cewa in ya fito ita ma a sa mata 'yan'uwanta na Damagaram, su huta da tsadar jirgin sama. Ana dariya, ni ina zuba shayi kaina a ƙasa.

Ga abin da ya sa na kasa haƙuri na sake rubutowa. Alhamis ɗin da ta wuce, bayan la'asar, na shiga na tarar da Sitti ta zame daga kan matashi, gumi ya jiƙa mata riga, hannunta yana rawa. Na kira ta a kunnen ba ta amsa ba. Ban san ina da murya ba sai ranar, har mutanen gidan da ke kallonmu suka jiyo. Aka kai ta asibiti aka sa mata ruwa. Likita ya ce sukarinta ne ya faɗi ƙwarai, ya ce wani karon ba lalle ta farka ba. Ya yi faɗa sosai, ya tambaya wa ke kula da ita. Umma ta ce ga ta nan, yarinyar kirki ce, ba ta taɓa barin ta. Da ma ƙasa ta tsage in shige.

Da ta dawo gida ni aka sa in gaya mata likita ya hana azumi. Na faɗa, wannan kam daidai na faɗa. Ta ce likita ba shi ta yi wa alkawari ba. Litinin ta sake ɗauka.

Yaya, ina roƙonki wani abu, kar ki ce min a'a. Ki bugo wa Baba ki ce kina son a turo miki ni in taya ki idan kin haihu, in kuma shiga sakandare a nan Bichi. Ai da ma yana cewa zamana haka ba makaranta yana damunsa. Idan ba na nan, Umma za ta koyi maganar kunnen, ko wani ya faɗa wa Sitti gaskiya, ba sai na ga fuskarta ba. Na san ba kyau. Amma ba na iya haɗa ido da kowa a gidan nan.

Ki gaida maigidanki da su Inna. Allah ya bar mu tare.

Taki,
Shifa

Tandabawi, Makka
Ƙarshen Sha'aban

Yayata Aishat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kin tashi lafiya, ya ƙafafun da kika ce suna kumbura? Allah ya ƙara sauƙi. Muna nan lafiya, ana ta shirin azumi, layinmu ya cika da baƙi masu Umara.

An ba su tallafin. Anti Wafa ta zo ba ma ranar Juma'a ba, da tiren basbusa, wani kek ɗin Larabawa mai zaƙi, tun daga ƙofa take kiran ya Sitti, ya Sitti. Ta ce kamfanin ya dawo, an sasanta, kwamitin ya zaɓe su. Ta rungume ni har ta ɗaga ni sama. Na ji daɗi, Yaya, wallahi na ji, don na ce shi ke nan azumi ya ƙare, ƙaryata ta mutu ba wanda ya sani.

Sai ta ciro waya ta nuna hoton ranar da aka sa hannu. Tana tsaye da abokan aikinta a bakin ruwa, gefe da gefe ga manyan sojojin ruwa cikin fararen kayansu, a bayansu kuma gefen wani jirgi. Sitti ta karɓi wayar ta kai ta daf da idonta, kin san ganinta ya yi rauni. Ta daɗe tana kallo. Sai ta yi murmushi ta ce, Allah sarki, ga su nan har sun ɗaura ihrami.

Na jira Anti Wafa ta tambaye ni me ta ce, kamar kullum. Ba ta tambaya ba. Ta karɓi wayarta ta sa a jaka.

Nan take Sitti ta ce tunda Allah ya amsa, ba za ta tsaya ba, za ta ci gaba da Litinin da Alhamis har ranar da jirgin Awwalu zai taɓa ruwa. Kuma tunda ta ga tana iyawa, bana da ita za a yi Ramadan. Anti Wafa da bakinta ta taɓa gaya min aikin shekaru ne, yanzu ma a kwami za a fara, ba a teku ba.

Na bi ta kicin tana yanka basbusa. Na tsaya a bayanta na faɗa mata komai, da Larabcina da ke karyewa, da labarin Sawakin, da jirgin ruwan toka, da Awwalu, da sunan da aka ce a sa. Na zaci za ta mare ni. Ta ajiye wuƙar ta jingina da bango. Ta ce ta sani. Ba duka ba, amma mai kayan miya ta tare ta a hanya tun kwanaki tana yi mata barka da jirgin alhazai, ta gane daga ina maganar ta fito. Ta ce ta yi niyyar gyarawa, sai ta tuna hannun Sitti a kanta, ta kasa. Labarin Awwalu ne ba ta taɓa ji ba, shi ya sa ta zauna a ƙasan kicin ta rufe fuska.

Da ta tashi ta ce in bar shi haka. Ta ce tsohuwa ce, kwana nawa ya rage mata, a bar ta da farin cikinta. Ta ce aikinta ba abin kunya ba ne, jiragen nan su ne ke tsaron ruwa, su ne ma ke ceton mutane idan jirgi ya lalace, amma Sitti ba za ta taɓa ganin haka ba. Na ce azumin fa? Ta ce za ta sa likita ya ƙara tsorata ta. Ta kama kafaɗata ta ce in yi mata alkawari. Ban yi ba, ban kuma ce a'a ba. Na dubi ƙasa, ita kuma ta ɗauka na yarda.

Da yamma na kai wa Baba shayi na tambaye shi, kamar tambayar makaranta, idan mutum ya yi bakance a kan abin da aka gaya masa, alhali abin ba haka yake ba, kuma cikawar tana cutar da shi, ya zai yi? Ya ce Allah bai ɗora wa rai abin da zai halaka shi ba, akwai kaffara, a ciyar da miskinai. Amma ya ce sai mai bakancen ya yarda a ransa, ba a yi wa mutum a ɓoye. Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe.

Sannan ya ce kin bugo, kuma ya amince. Akwai wani abokinsa da iyalinsa za su koma Kano bayan Sallah, da su zan taho. Umma har ta sauko min da babbar jaka, na fara zuba kaya. Na gode, Yaya. Na zaci zan ji sanyi a raina, amma ban ji ba. Ina ta lissafin cewa kafin in tafi akwai wata guda na azumi, a zafin Makka, kuma ba ni ce zan yi shi da ciwon sukari ba.

Ki yi min addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Shifa

Tandabawi, Makka
Cikin watan Ramadan

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata Aishat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah wa barakatuh. Barka da shan ruwa, ya ibada? Baba ya gaya mana kin sauka lafiya, an samu mace. Umma ta yi guɗa har Baba ya ce ta tuna a gidan haya take. Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Na faɗa wa Sitti.

Ana gobe za a ɗauki azumi ne, da hantsi. Ta sa Umma ta tanadar mata abin sahur. Ina shafa mata man zaitun a ƙafa kamar kullum, sai na ga yadda ƙafar ta rame, fatar tana tattarewa a hannuna. Ban shirya ba. Na goge hannu na matsa wajen kunnen. Na ce, Sitti, jirgin ba na alhazai ba ne, na sojojin ruwa ne, Anti Wafa ta faɗa daidai tun ranar farko, ni ce na canza. Na ce maganar sunan Awwalu ma ban isar ba. Na ce masu fararen kayan nan ba ihrami suka ɗaura ba. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na fi so. Ta tambaye ni abu ɗaya, wane launi ne jirgin da ke cikin hoton. Na ce ruwan toka. Ta ce to. Sannan ta yunƙura da kanta, abin da ba ta iyawa sai an taimaka mata, ta juya ta kwanta a kan kunnen hagun, ta danne shi da matashi.

Tun ranar haka take yi idan na shigo. Idan Umma ce sai ta ba ta kunnen, ko da yake Umma ba ta iya ba, sai ta maimaita sau da yawa.

Amma ta ci abinci, Yaya. Ranar ɗaya ga wata da rana tsaka ta ce wa Umma a kawo mata kunu. Ta shanye, ta karɓi maganinta. Ta aika aka kira Baba, ta ce ya fitar mata da kaffara. Nan Baba da Umma suka ji komai, daga bakinta. Umma ta yi kwanaki ba ta sakar min fuska ba. Baba ya ce na yi laifi babba, na kuma gyara a makare, amma na gyara. Ya sa ni na ɗauki ledojin abincin da kaina muka kai wa mabuƙata a unguwar Jarwal. Yanzu hannunta ya daina rawa, fuskarta ta ɗan ciko.

Anti Wafa ta zo Juma'a, na tare ta a ƙofa na gaya mata. Ta dube ni ta wuce. Ta durƙusa gaban gadon ta sa bakinta a kunnen da kanta ta ce, Sitti, yi haƙuri. A mota ta koyo shi wajen wani direba, har ta faɗe shi a karkace. Sitti ba ta ɗora mata hannu a ka ba. Ta ce wa Umma a gaya mata kar a sa sunan Awwalu a jikin wannan jirgi. Can kuma da aka kusa shan ruwa ta ce a tambaya ko an ajiye wa yarinyar nan miya, ta sha hanya. Ban san me ke ranta game da aikin ba. Anti Wafa ma ba ta sani ba, kuma yanzu ba ta da mai tambayar mata. Da za ta tafi ta tsaya a matakala, ba ta kalle ni ba, ta ce yaya ake cewa inji biyu da Hausa. Na gaya mata. Ta maimaita a hankali ta sauka.

Ni kuwa kullum da hantsi ina shiga da man zaitun. Ina zama ta gefen kunnen da ya mutu. Ba ta yi min magana, ba ta kuma ce 'yar bakina ba. Amma idan na kama ƙafar ba ta janyewa.

Yaya, na san kin sa an share ɗan ɗakin nan na kusa da naki, kin kuma yi magana da makaranta. Ki yafe min wahalar da na ba ki. Ni na roƙa, don in gudu ne na roƙa. Jiya da Umma ta tafi Harami na zazzage jakar na mayar da kayana cikin akwati, na mayar da jakar saman kabad. Farfelar nan na ciro ta na ajiye a kan taga. Akwai makarantar yamma ta 'yan mata a nan kusa, zan roƙi Baba ya sa ni. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ke ce ta farko. Ba zan taho bayan Sallah ba. Zan zauna a gefen nan har ranar da za ta juyo, in kuma ba ta juyo ba, ƙafar dai tana buƙatar mai.

Ki sumbaci jaririyar a goshi ki ce daga ni ne. Ki gaida maigidanki da su Inna da duk mai tambayata. Allah ya karɓi ibadarmu.

Ƙanwarki har kullum,
Shifa